Famfon da Aka Sa wa Kwat

A shekarar da ruwan kaka ya ƙi sauka a kwarin Sotgol, tun kafin a gama cire kabeji daga gona rafin da ke cika tankin ƙauyen ya koma kamar zaren ɗinki. Tsofaffi suka ce a yi haƙuri, in dusar ƙanƙara ta zubo za a samu sauƙi. Dusar ma ta ƙi zuwa. Sai sanyi tsagwaronsa ya sauko daga kan duwatsu, busasshe, irin wanda mutum zai fita da jiƙaƙƙen gashin baki ya dawo da shi a sandare.

A gidan da ke can saman gangare akwai wani dattijo mai suna Tak Manbok, shi da matarsa Sunye. Aikin jirgin ƙasa ya yi har ya yi ritaya, shi ne mai sauke sanda a inda titin mota ya ƙetare layin dogo. Duk kwarin an san shi da abu guda, bin doka. Ranar da Sunye take naƙudar 'yarsu Miyong, motar da ta ɗauko ta ta iso mahaɗar daidai lokacin da aka tsara jirgi zai wuce. An riga an yi wa Manbok waya cewa jirgin ya lalace a wata tasha, ba zai zo ba sai la'asar. Duk da haka ya sauke sanda, ya tsaya ƙiƙam yana kallon layin da babu komai a kai, matarsa tana zage-zage ta tagar mota. Da lokacin ɗagawa ya yi ya ɗaga, ya sara wa motar. Sunye ta yafe masa tuntuni, amma takan ba da labarin duk sanda aka yi baƙi.

Wata safiya lasifikar da ke kan sanda a gaban zauren tsofaffi ta yi ƙara, mai unguwa Gil Yongdal ya hura ta sau biyu kamar yadda ya saba.

"Ana ji na? To. Sanarwa daga ofishin gunduma. Sanyi mai tsanani yana tafe. Kowa ya naɗe bututun gidansa da tsofaffin tufafi, a cusa tsumma a akwatin mitar ruwa. Kuma a bar kowane famfo yana ɗiga dare da rana, don kada ruwa ya daskare a ciki. Shi ke nan."

Manbok ya tashi ya murɗa famfon madafi, da na banɗaki, da na tsakar gida, kowanne ya bar shi yana ɗis, ɗis.

Ana gama cin abincin rana lasifikar ta sake yin ƙara.

"Ana ji na? Wata sanarwar daga ofishin gunduma. Saboda farin da ake ciki, kada ɗigon ruwa ko ɗaya ya taɓa ƙasa a banza. Wanda ya bari ya ci amanar maƙwabtansa. Shi ke nan."

Manbok ya ajiye cokali, ya sa takalmi, ya gangara zauren. Ya tarar da mai unguwa yana zuƙar taliya mai zafi, tururi ya rufe masa tabarau.

"Mai unguwa, wacce ce ta gaskiya?"

"Duka biyun. Ofishi ɗaya suka fito."

"To ai sun saɓa wa juna."

"Ta safe daga mai kula da sanyi take, ta rana daga mai kula da fari. Teburansu ma suna kallon juna, amma an ce ba sa gaisawa. Ni dai karantawa aka ce in yi."

"Ni kuma yaya zan yi?"

"Ka yi yadda kowa yake yi mana. Ka zaɓi ɗaya, ka ce ɗayar kana banɗaki aka karanta ta."

Manbok ya dube shi kamar wanda aka ce ya je ya yi sata. Ya juya ya hau gangare a hankali, hannuwa a baya, yana juya maganar. Bai kai ƙofar gida ba sai da ya samu mafita. Ta farko ta ce famfo ya ɗiga. Ta biyu ta ce kada ɗigon ya taɓa ƙasa. Babu wadda ta hana a tare shi.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Bokiti a ƙarƙashin kowane famfo, in ya cika a juye a randa. Amma ɗigo ba ya hutawa. Randuna suka cika, aka koma bahon wanki, da tukwanen miya, da butar shayi, da robobin da ake haɗa kimci a ciki, wato kabejin da ake tsumawa da gishiri da yaji. Sunye ta nemi tukunyar dafa shinkafa ta same ta cike da ruwa a bayan ƙofa.

"Baban Miyong, a me zan dafa abinci?"

"Ki yi amfani da ruwan cikin, sai ta zama fanko."

"Na yi. Kafin in juya ka sake cika ta."

Tunda zubarwa haramun ce, sai a sha. Miyar gidan ta koma ruwa zalla, ɗan tsinken kabeji yana yawo a ciki shi kaɗai. Duk wanda ya leƙo gaisuwa sai Manbok ya zaunar da shi ya ɗura masa shayin sha'ir kofi bayan kofi, ya tsaya a kansa har ya shanye. Mai kawo wasiƙa ya sha wannan wahala sau ɗaya, ya sauka gangaren yana tafiya kamar agwagwa, daga nan ya koma jefo saƙo ta kan shinge ba tare da ya kashe babur ba.

Sanyin ne da kansa ya kawo masa dabara. Wata safiya ya ga bokitin da ya kwana a waje ya daskare, ya kifa shi, ƙanƙara ta faɗo dunƙule guda da siffar bokiti. Ya yi murna har sai da ya kira Sunye ta zo ta gani. Daga ranar duk abin da ya cika sai a fitar da shi waje ya sandare, a kifa, a jera a bayan gida inda rana ba ta kaiwa. Ba a daɗe ba aka samu katanga mai ƙyalli, akwai ƙanƙara mai siffar tukunya, da mai siffar baho, da ta kwano, da ta hular kwano, har da ta takalmin roba na shiga gona, ƙafar dama da ta hagu.

Sauran aikin shi ne naɗe bututu. Akwatin mita da ke cikin ƙasa kusa da ƙofa ya cusa masa duk wani tsumma da ya gani, da ya ga akwai sauran wuri sai ya shiga durowar Sunye ba tare da ya faɗa mata ba. Wanda ya fi ba shi tsoro shi ne famfon tsakar gida, wani dogon ƙarfe da ya kai ƙirjin mutum, yana tsaye shi kaɗai kusa da randunan kimci, iska tana dukansa ta ko'ina. Sunye ta ce a rufe shi kawai a tsiyaye ruwan cikinsa har sanyi ya wuce, ai haka ake yi. Manbok ya ce sanarwa ta ce kowane famfo, ba ta cire na waje ba.

Ya naɗa masa tsofaffin wanduna, ya zura masa rigunan sanyi ɗaya kan ɗaya har ya yi tumbi. Ya tsaya ya duba, ya ga bai isa ba. Sai ya ɗauko kwat ɗinsa na aikin jirgi, baƙi mai maɓallan tagulla, wanda yake ajiyewa don ranar jana'izarsa. Ya gitta sanda a sama don kafaɗu su zauna, ya ɓalla maɓallan har wuya, ya ɗora hula mai rufe kunne, ya naɗa mayafin wuya, ya bar bakin famfon ya ɗan leƙo tsakanin hula da mayafi yana ɗiga cikin bokiti.

Gidan da ke jikin nasu na Iya Bong Malsun ne, tsohuwar da mijinta ya daɗe da rasuwa. Yanar ido ta rufe mata gani har ba ta ganin komai sai inuwa, amma ta ƙi zuwa asibiti, ta ce mijinta da ƙafarsa ya shiga can aka fito da shi a kwance. Bakinta kuwa lafiya lau. Babu wanda ya tsira daga gare shi a Sotgol, har karnuka sukan sauya hanya.

Manbok yana share ƙofar ɗaki da safe sai ya ji muryarta ta kan shinge, da wata irin taushi da bai taɓa jin ta da ita ba.

"Barka da asuba, dattijo. An zo lafiya? Ya sanyin garin namu?"

Ya ɗaga kai zai amsa, ya ga ba shi take kallo ba.

"Oh, mai kunya ne," in ji ta. "Ga mura kuma, hanci sai zuba yake. Kai Manbok! Wane irin rashin imani ne wannan, ka bar baƙo a waje?"

"Iya, ai famfo ne."

"Famfo? Haka kuke kiran mutum in ya tsufa? Bari naka ya zo, za ka ji abin da Miyong za ta kira ka."

"Wallahi famfo ne, Iya. Zo ki taɓa ki ji."

"In taɓa namijin da ban sani ba? Ka ga marar kunya! Ai ko ba a faɗa mini ba na san yayanka ne. Tsayuwarku ɗaya, kamar an haɗiyi muciya. Gado kuka yi faɗa a kai, ko?"

Ta koma ciki ta fito da gasasshen dankali mai zaƙi a naɗe cikin takarda, ta zagayo ta ƙofa, ta lalubi aljihun kwat ɗin da yatsa biyu tana kau da kai, ta zura. Bayan ta tafi Sunye ta fito ta zaro dankalin, ta ɓare, ta cinye a tsaye.

Washegari Iya Bong ta tarar da aljihu fanko, ta yi murmushi. Sunye ta leƙo ta taga.

"Iya, ya ce a gode miki. Ya ce in da hali gobe a ɗan ƙara gasa shi."

"Maman Miyong!" in ji Manbok daga ciki. "Wannan ƙarya ce ƙiri-ƙiri!"

"Kai ka shayar da ni ruwa har na fara jin kwaɗi suna kuka a cikina. Bar ni in ci abin da ake taunawa."

Haka aka shiga. Kullum in rana ta ɗan ɗago, Iya Bong takan jawo kujerarta bakin shinge, ta rufa da bargo, ta yi ta ba baƙon labari. Ta ba shi labarin yadda aka kawo ta kwarin tana yarinya a bayan motar gawayi, da halin uwar mijinta, da ɗanta da yake birnin Busan wanda sai ya ga dama yake waya. Baƙon bai taɓa katse ta ba. Ta faɗa a zauren tsofaffi cewa tun da take ba ta taɓa ganin namiji mai hankali irinsa ba. Kowa a zauren ya san famfo ne, amma tun da abin ya fara ba ta zagi kowa ba, don haka aka haɗa baki aka yi shiru. Mai unguwa ya fara cire masa hula in zai wuce, da wasa, daga baya ya zame masa jiki, yana yi ko ba mai kallo.

Manbok kaɗai ne abin yake ci wa rai. Sau da yawa ya je zai yi mata bayani, ta kore shi da tsintsiya.

Ranar da sanyin ya kai maƙura ta zo daidai da ranar kasuwa a cikin gari. Manbok da Sunye suka hau motar safe don sayo ƙarin bokitai. Abin da ya faru a bayansu sai daga baya ya ji shi, daga bakin mutane daban-daban. Iya Bong ta ji yadda iska ke yanka kunne, ta ce yau kam ba za ta bari bawan Allah ya mutu a tsaye ba, duniya ta faɗi abin da za ta faɗa. Ta hura wutar da ke ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin ƙasa har daɓen ɗakinta ya yi zafi, ta dafa miyar busasshen kifi, ta zagayo ta kama hannun kwat ta ce ya taho. Hannun ya biyo ta ba komai a ciki. Ta ƙara ja, kwat ya zame gaba ɗaya. Ta shiga cire riguna ɗaya bayan ɗaya tana kiran dattijo, dattijo, har ta kai ga ƙarfe mai sanyi. Nan ta gane abin da ya faru: dattijon ya ga alamar za ta kai shi ɗakinta, kunya ta kama shi, ya sulale ya gudu ya bar kayansa a rataye a jikin famfo. Ta tattara kayan za ta ajiye masa. Da ta ji famfon yana ɗiga, ta ce dubi ɓarna ana cikin fari, ta murɗe shi tam.

Da motar la'asar ta sauke su, tun daga ƙasan gangare Manbok ya hango taron mutane a ƙofar gidansa. Ya yar da bokitai ya hau da gudu. Iya Bong tana tsakiya tana kuka, tana cewa a tura samari dutse su nemo tsoho yana yawo tsirara. Famfon kuma yana tsaye zigidir, ya yi fari da sanyi. Manbok ya murɗa shi, ko ɗigo.

Ya ce a kawo ruwa mai ɗumi-ɗumi da tawul, a bi shi a hankali. Kafin ya rufe baki sai ga mai unguwa ya ratso taron da babbar butar zaure, tana tafasa.

"Mai unguwa, tsaya! Tafasasshe yana fasa bututu, a rediyo ma an faɗa!"

"Kai matsa can. Ni nake karanta sanarwa a garin nan, na san inda suke ƙara gishiri."

Ya sheƙa ruwan tun daga sama. Aka ji wani ƙas, kamar an karya rake. Sai bututun ya tsage daga gindi, ruwa ya yi tsiri ya wuce rufin ɗaki, ya dawo a kan jama'a.

Manbok ya yi kan akwatin mita, don makullin ruwan gidan a ciki yake. Ya ɗaga murfi ya tarar tsummokaran da ya danna sun sha raɓa sun daskare sun zama dutse guda. Aka kawo guduma da kurfi, yana sara yana zarowa, yana miƙa wa na bayansa, na baya yana miƙa wa na gaba da shi. Safa ta fito, tsohuwar riga ta fito. Sai ga wani jan dogon wando na ciki ya fito a sandare, ƙafafu a buɗe, yana iya tsayuwa da kansa. Miyong ce ta saya wa uwarta shi da albashinta na farko. Ya bi hannu-hannu har ƙarshen layi, kowa yana karɓa da ladabi yana kallon sama, na ƙarshe ya rasa inda zai kai shi sai ya jingina shi da shinge.

"Tun farkon sanyi nake neman wandon nan," in ji Sunye, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ka ce mini wataƙila ɓera ne."

"Cewa na yi wataƙila."

Kafin a kai ga makullin, ruwan ya rage ƙarfi da kansa, ya yi tari, ya tsaya. Ɗan abin da ya rage a tankin ƙauyen ne ya ƙare. Tsakar gidan ta zama faranti guda na ƙanƙara, takalman mai unguwa suka manne a ciki, sai goya shi aka yi aka fitar, da safa. Ruwan da ya fita ta ƙofa kuma ya bi hanyar gangare, wadda ita kaɗai ce hanyar shigowa ƙauyen, ya daskare a kanta tun daga sama har gada. Da gunduma ta turo motar ruwa washegari, direban ya tsaya a gada ya dubi hanyar, ya juya.

Sunye ce ta buɗe ƙofar baya ta ce wa mata su zo su ɗebi ƙanƙarar da Manbok ya jera. Aka yi ta zuwa da baro da buhuna, kowa yana faɗin abin da yake so. Wata ta ce a ba ta tukunya biyu, wani ya ce baho ɗaya ya ishe su, wani tsoho da yake zaune shi kaɗai ya ce a ba shi takalmi, na hagu ma ya isa. Da wannan Sotgol ta yi girki ta sha har aka farfasa ƙanƙarar hanya. Masu zuwa suna ta sa wa Manbok albarka, shi kuwa yana zaune a bakin ɗaki ya haɗa kai da gwiwa. A rana ɗaya famfonsa ya daina ɗiga, ruwan gari kuma ya ƙare a ƙasan gidansa. Ya gangara ya ce wa mai unguwa lallai ya kai ƙararsa gunduma. Mai unguwa, wanda ya san hannun wa ya riƙe buta, ya ce wayar zauren ta lalace, kuma ba ya jin za ta gyaru bana.

Da hanya ta buɗe, aka turo mai gyaran famfo daga cikin gari. Sunansa Cu Gapsu, wani gajeren tsoho mai tumbi, matarsa ta rasu, ba shi da kowa. Magana tana yi masa wuya kamar ana cire masa haƙori. Ya zo cikin wata 'yar riga marar kauri, ga mura ta kama shi a hanya. Ya ajiye jakar kayan aiki, ya tsaya a gaban fasasshen bututun yana kallonsa, hannuwa a sake, hanci yana zuba.

Manbok yana shirin yi masa bayani sai ya ji an banko ƙofa. Iya Bong ce, rungume da kwat, ta goge maɓallansa suna ƙyalli.

"Ka dawo ke nan! To sannu, sarkin kunya. Da girmanka da furfurarka ka hau dutse ba riga? Miya na ce ka zo ka sha, cinye ka zan yi? Miƙo hannu!"

Cu Gapsu ya dubi Manbok. Ya dubi kwat ɗin, ya ga kaurinsa. Ya miƙa hannu. Ta ɓalla masa maɓallan har wuya, ta naɗa masa mayafi, ta zura dankali mai zafi a aljihu.

"Na ƙara gasa shi yadda ka ce."

Ya ɓare ya ci, ya gyaɗa kai.

"Iya," in ji Manbok, "wannan mai gyara ne daga gari."

"Kai rufe mana baki. Da ka ce famfo ne, yanzu ka ce mai gyaran famfo. Gobe kuma me zai zama?"

Ta ja shi ya bi ta. Ranar ba a taɓa bututu ba. Sunye ta tsaya a taga tana kallon aljihun da dankali ya shiga, ta yi tsaki.

Aikin da ya kamata a gama kafin azahar ya ɗauki sauran lokacin sanyi. Cu Gapsu yakan zo da motar safe, ya kwance wani abu, ya ce akwai ƙarfen da ya manto a gari, ya zagaya gidan Iya Bong ya zauna a daɓe mai zafi tana ba shi labari har motar la'asar. Manbok ya taɓa tare shi a ƙofa ya yi masa maganar kwat, cikin ladabi.

"Ta ce nawa ne," in ji Cu Gapsu, ya wuce.

Da bazara ta shigo aka samu ruwa kwana da kwanaki, rafi ya dawo da kukansa, tanki ya cika. A makon ne mai unguwa ya hura lasifika ya ce Iya Bong da Cu Gapsu za su haɗa gida, kowa ya zo zaure a ci taliyar biki. Da aka zo tsara wurin zama aka ce ango ba shi da dangi. Iya Bong ta ce wane irin ba shi da dangi, ga ƙaninsa nan a jikin gidanta, ko da yake ba na kirki ba ne. Manbok ya ce shi ba zai zauna a matsayin da ba nasa ba. Sunye ta dube shi ta ce in bai zauna ba, ita za ta tashi a gaban jama'a ta ba da labarin jan wando tun daga farko. Ya zauna.

Bayan an ci an sha giyar shinkafa, aka ce ƙanin ango ya tashi ya faɗi halin yayansa. Manbok ya miƙe, gumi yana keto masa. Bai san komai game da Cu Gapsu ba, kuma ba zai ƙirƙira ba. Sai ya rufe ido ya yi maganar famfon. Ya ce wanda ya tsaya a tsakar gidansa a sanyin bana ya sha iska dare da rana bai taɓa yin ƙorafi ba. Ya ce abin da yake da shi kaɗan ne, amma bai daina bayarwa ba sai ranar da aka hana shi. Ya ce laifinsa ne da ya bar shi a waje, da ya ji maganar matarsa da ba a kai ga haka ba. Matan zauren suka fara share hawaye, mai unguwa ya fyace hanci da ƙarfi. Ango da kansa ya sunkuyar da kai, idonsa ya yi ja.

Iya Bong ta ce ta yafe masa rabi. Sauran rabin kuma, tunda yanzu ita matar yayansa ce, sai ya gangara ya kwaso kayan ango da aka sauke a gada. Manbok ya yi ta hawa da sauka da akwati da bargo da tukunyar gas, har da wani tsohon keken ɗinki da babu wanda ya san abin da mai gyaran famfo yake yi da shi. Da ya dire na ƙarshe a ƙofar ɗaki yana haki, Cu Gapsu ya fito ya miƙa masa ruwa a kwano, ya jira ya shanye.

"Ƙanina," ya ce, "gobe ka shigo ka ci abinci. Ka zo da mai ɗakinka, an ce tana son dankali."